Ɗamara Mai Ƙugiya Bakwai

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, daga Tasawa. Shekara ashirin da shida ina ƙera wa maharba bindigar toka kafin in zo New York. A nan ƙarfen mota nake bugawa a garejin Gariba, wani mutumin Kumasi, a Bronx.

Ɗana na fari ya shiga sojan Amurka ba da son raina ba. Ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, haka muka taras. An kai shi Afghanistan, ya dawo a shekarar 2012 da ƙafafunsa biyu. Ranar da ya iso ɗakina ya cika da 'yan barka. Ya ajiye wani dogon akwati a gabana, ya ce da Hausarsa mai tsami, "Baba, naka ne."

Tsohuwar bindiga ce ta mutanen can, irin mai tashi da dutsen ƙanƙara. Ƙotarta a lanƙwashe kamar lauje, tsawonta ya kusa nawa. Tare da ita akwai ɗamarar fata mai ƙugiya bakwai, da tarkace rataye a jiki.

Na yi abin da ubana yake yi idan an kawo masa aikin da ya isa a duba. Na juya ta, na shinshina bakin, na gwada kunama. Na ce ƙotar ta taɓa tsagewa an liƙe. Na ce ƙusa biyu sababbi ne. Na ce ɗamarar ma ba ta cika ba. A maƙerarmu aikin banza ba a tanka masa, gefe ake tura shi. Wanda aka zauna aka lissafa masa aibi, shi aka karɓa. Ubana ya rasu bai taɓa ce mini madalla ba, kuma na san matsayina a wurinsa.

Shi yaron a Harlem ya girma. Ya mayar da komai cikin akwati, ya ci abinci, ya tafi da abinsa. Daga nan sai gaisuwar Salla ta waya, minti ɗaya. Na je ɗaurin aurensa, muka yi musafaha kamar maƙwabta.

Bayan shekara huɗu, wata Laraba, ƙanwarsa Hasiya ta same ni a gareji.

"Baba, Yaya Alkasim zai koma Texas ranar Lahadi. Da matarsa, da kayansa, gaba ɗaya."

"To."

"To kawai?" Ta zaro ɗamarar daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur. "Ya kawo akwatin nan gidana, ya ce in ba wanda na ga dama. Bindigar na baro ta, ba zan shiga jirgin ƙasa da ita 'yan sanda su yi Salla da ni ba. Ka san bai san sunan ko ɗaya cikin waɗannan ba? Ya ce da gangan ya ƙi tambayar mai shagon da ya sayar masa. So yake ka zaunar da shi ka gaya masa."

"Bai faɗa ba."

"Ka bar shi ya faɗa?"

Ta tafi. Gariba ya matso yana goge hannu, ya ɗaga wani ɗan tandu na tagulla. "Alhaji, sojan naka har kwalli ya sayo maka?"

Na ce ya ajiye. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babban tandun na fatar raƙumi ne, na albarushin ɗuri, har yanzu da warinsa. Ƙaramin da Gariba ya raina na albarushi mai laushi ne, wanda ake zubawa a kunnen bindiga, wurin da tartsatsi ke faɗawa. Akwai ɗan bututun ƙarfe na awo, don kada a cika ɗuri bindiga ta fashe a fuskar mai ita. Akwai zabira da harsashin darma uku a ciki. Akwai ƙyastu na kunna wuta. Na shida ya ɗan wahalar da ni, sai da na riƙe shi na rufe ido. Gefe ɗaya na kwance ƙusa ne, ɗaya gefen 'yar guduma ce ta gyara bakin ƙanƙara idan ya dakushe. Mu guda biyu muke yi, su suka haɗe. Wanda ya ƙera shi ya fi ni. Ban taɓa faɗin haka a kan kowa ba.

Ƙugiya ta bakwai babu komai. Na san abin da ya faɗi daga wurin: tsinken da ake sakace ramin kunne idan toka ta toshe shi. Idan babu shi, bindiga sanda ce.

Na ciro guntun sifirin na wata tsohuwar mota, na gasa shi da wutar walda. Kwana biyu ina yinsa. Na murɗa masa wuya irin murɗin wancan maƙerin, na saka zanen gidanmu, layi uku, a gindinsa. Maƙeri ba ya sa hannunsa a aikin wani sai aikin ya fi ƙarfin raini. Duk wanda ya tashi kusa da zugazugi ya san wannan.

Ranar Asabar da hantsi na hau jirgin ruwa zuwa Staten Island, inda yaron yake zaune. Ɗamarar a leda, tsinken a aljihu. Na same shi a Stapleton, a ƙofar gida, yana loda kwalaye a babbar mota. Matarsa Najat ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa.

Na shimfiɗa ɗamarar a kan wani kwali. Ya tsaya, igiya a hannunsa. Na ga yana jira.

Da na fara daga babban tandun, da wataƙila an wuce lafiya. Amma maƙeri daga inda ya yi gyara yake farawa. Na ɗora yatsa a ƙugiya ta bakwai na ce, "Nan akwai abin da babu."

Ya yi wata 'yar dariya. Ya amsa da Turanci, a hankali, yadda zan gane. Ya ce shekara huɗu, kuma na ƙetare ruwa don in sake gaya masa abin da bai cika ba.

Hannuna yana cikin aljihu, a kan tsinken. Matarsa tana tsaye, maƙwabta biyu suna kallo. Uba ba ya wanke kansa a gaban ɗansa a bakin titi. Na fito da hannun haka nan.

Na faɗa masa sunayen shidan duk da haka, da aikin kowanne. Ya ci gaba da ɗaure kwalaye. Najat ce take cewa, "To, Baba. Ashe, Baba." Da na gama ya ce da Hausa, "Ka tafi da ita. Dama taka ce." Ya rako ni har bakin hanya, ya tare mini mota.

Ranar Lahadi bayan azahar na sa Gariba ya nemo mini lambar yaron a wayata. Ban taɓa kiransa ba, shi ke kira. Ta yi ta ƙara, sai wata murya ta ce in bar saƙo. Na ce, "Ni ne." Gariba ya fita waje. Na ce, "Bindigar nan aiki ce mai kyau. Ka iya zaɓe." Sai layin ya yanke.

Yau wata biyar ke nan. Hasiya ta ce ya ji saƙon. Ba ta ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.