Man da Ya Ɗaga Aikin Malam Na'Allah

Malam Na'Allah, wani manomi a Roni, ya daɗe yana fama da ƙaba kafin a sa masa ranar aiki a asibiti a Kazaure. Da ranar ta zo, ɗiyarsa Baraka ta raka shi a kan babur, kowane gargada sai ya cije leɓe. Sun sha zama a benci kafin a kira shi.

Likita ta duba shi, sannan ta ce, "Baba, ban da maganin hawan jini, akwai abin da kake sha?"

"Babu, sai man bazarul kattan da yarinyar nan ta sayo mini saboda ciwon gwiwa. Safe da yamma nake shan cokali. Ai ba magani ba ne, mai ne kawai."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce man yana iya hana jini saurin daskarewa, ba za ta yanka shi yau ba. Sai ya daina sha, a sake ba shi rana.

Baraka ta sunkuyar da kai. "Baba, ni na jawo maka."

"Alheri kika nufa," ya ce, muryarsa a sanyaye. Ko ƙarfin yin faɗa ba shi da shi.

Ya lallaba ya miƙe, ya dafa kafaɗarta suka fita neman babur. Sai da damina ta kankama aka yi masa aikin, gerorsa kuwa ƙaninsa ne ya nome masa a shekarar.