Shafin Iyaye

Shekara ashirin da shida ina wankin karas a Farin Gada. A bakin rafin da ke bayan kasuwa muke yi, a tsugune, ruwa har idon sawu, buhu ya zo da laka ya tafi fes. Wanda bai taɓa tsoma hannu a ruwan Jos da sassafe ba kada ya ce mini komai. Yanzu sai na dafa ƙasa nake iya miƙewa.

Bana wata ƙungiyar taimako ta zo ta gina mana dakali arba'in na siminti, kowanne da famfonsa, a tsaye mutum zai yi aiki kamar ɗan adam. Aka ce shugabannin kasuwa su aika da sunayen masu wanki. Ranar wata Litinin aka manna takardar rabo a bango. Ni ban yi boko ba, sai na jawo Ladi, abokiyar aikina ta tun farko, ita ta yi firamare. Ta bi takardar da yatsa sau uku. Suna talatin da biyar, har da 'yan matan da suka zo bara ba su san yadda ake ɗaure bakin buhu ba. Babu ni, babu Ladi, babu Nkoli, babu sauran tsofaffi biyu. Mu biyar ɗin da muka fi kowa daɗewa a rafin nan, mu aka tsallake.

Ko zani ban sake ba na nufi ofishin masu ginin. Wani mutum ne a wurin wai shi Siman, mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara wa mutum zafi. Ya juyo mini da fuskar kwamfuta kamar zan gane wani abu, ya ce abin da sakataren kasuwa ya turo masa ke nan, shi bai cire kowa ba. Dakali biyar sun rage, ranar Juma'a da ƙarfe goma za a jefa ƙuri'a a kansu tsakanin duk masu so. In ina da hujjar cewa tun farko an rubuta mu, in kawo kafin nan.

To, sakataren kasuwa Sharafaddeen ne, mijin 'yata Hussaina.

Shekara goma sha ɗaya da aurensu yaron nan bai taɓa kallon fuskata ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, muryarsa kamar ta mai zazzaɓi. In ya hango ni a kasuwa sai ya sauya hanya. Da can har alfahari nake yi da shi a gaban mata, ina cewa na yi dacen suruki. Ranar nan kuwa da na hango shi wajen masu kabeji na ɗaga murya, sai ya faɗa bayan wata babbar mota. Na zagaya ta nan, ya zagaya ta can. Masu lodi suka tsaya da buhuna a ka suna dariya.

“Inna, ki ƙyale shi mana, ai kunya ce,” in ji ɗayansu.

Na ce, “Kunyar ce za ta fitar mini da gwiwa daga ruwa?”

Dole sai ta bakin Hussaina muka yi magana, ni ina gidana, shi yana gidansa, ita tana kai kawo kamar 'yar aike. Ya rantse ya rubuta mu. Wai har shafi daban ya ware mana, ya sa masa suna Iyaye, don a ganinsa bai kamata sunayenmu su cakuɗa da na yara ba, kuma mu ya so a fara ba zaɓi. Yadda aka yi shafin bai isa ofis ba, shi ma bai sani ba. Na ce to ya kai wa Siman abin da ke cikin kwamfutar kasuwa gaba ɗaya. Aka dawo mini da amsar shugaban kasuwa: ba zai yiwu ba. A cikin abin nan akwai lambobin wayar manoman da kowane dillali yake hulɗa da su, in suka fita kasuwa za ta kama da wuta. Shafinmu kaɗai ya yarda a fitar, ya ce zai buga masa hatimi. Shi kuma Sharafaddeen ya kwana biyu yana dannawa, duk sanda ya ajiye sai abin ya tafi da sauran shafukan, ko kuma ya tafi da na yara kaɗai.

Talata ta wuce a haka. Ranar Laraba na ce wa Hussaina ta ɗauko mini kwamfutar ko da faɗa. Ta naɗo ta a zani muka hau keke zuwa Kabong, shagon Obiamaka, wadda take buga wa mutane takardu. Uwarta ta sayar da gari kusa da gidanmu shekaru, a idona aka yaye ta.

Ta buɗe, ta ɗan duba, ta yi tsaki. Ta ce in ɗauka abin nan littafi ne mai shafi tara, ga 'yan kunnuwansu a jere a ƙasa, na masu kabeji, na masu tumatur, na dillalai, na masu wanki, ga namu. Ofishin Siman sun nemi a turo musu da wani irin fayil da ba ya ɗauka sai shafi ɗaya, wanda yake buɗe a lokacin. Na yara ne a buɗe. Ta ce ai kwamfuta ma takan yi gargaɗi da Turanci kafin ta bar sauran a baya, mutane ne ba sa karantawa, sai su danna su wuce.

Na ce, “Wato da ya zuba mu cikin yaran kamar kowa, da yanzu ina kan dakalina.”

Ta ce, “Haka ne, Mama. Girma ne ya ba ku.”

“Ya riƙe girmansa.”

Abin da ya gagari namiji kwana biyu, yarinyar nan kafin in gyara zama ta gama. Ta kai kibiya kan kunnen shafinmu, ta danna da ɗan yatsan dama, wasu rubuce-rubuce suka sauko, ta zaɓi a kai shi sabon littafi. Sai ta tsaya ta nuna wa Hussaina wani ɗan akwati, ta ce ta faɗa wa mijinta, in ba a sa alama a nan ba, ba kwafi za a yi ba, shafin zai fice daga littafin ne ɗungum, ya neme shi ya rasa. Ta sa alamar, ta ajiye shi shi kaɗai da sunansa, ta zuba a filash, ta kuma buga a takarda. Takardar ta fito da ɗumi. Na riƙe ta da hannu biyu na ce a karanta mini.

Ta karanta sunan Ladi cikakke, na Nkoli, na sauran biyun. Ta zo na biyar ta ɗago kai.

“Mama, wane ne Innarmu?”

Hussaina ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, 'yar banza. Yaron nan ko a cikin kwamfuta, shi kaɗai a ɗaki, babu mai ganinsa, hannunsa ya kasa rubuta sunana. Innarmu ya sa. Ba sunan uba, ba lambar waya, don neman lambar surukuwa ma rashin kunya ne a wurinsa.

Na ce wa Obiamaka ta goge ta rubuta Ummusalma Ishaku. Ta ƙi. Ta ce ita raba shafi ta yi, ba ta ƙara ba ta rage ba, takardar ƙungiyar 'yan kasuwa ce, in ta taɓa harafi ɗaya gobe a ce shagonta ake ƙirƙirar sunaye. Na yi mata gori da garin uwarta da na saya shekara da shekaru, na tuna mata goyon da na yi mata ranar da uwar ta yi zazzaɓi. Ta ba ni haƙuri har da riƙe hannu, amma ba ta goge ba.

Ranar Alhamis shugaba ya buga hatimi, na kai wa Siman. Ya sa filash, ya gwada sunaye huɗu da katin shaidar masu su, ya ce waɗannan sun samu. Ya zo kan nawa ya cire tabarau. Ya ce ba ya musun ni ce, amma rabin matan kasuwar nan innar wani ne. Sai dai wanda ya rubuta ya zo da kansa, ya faɗi wadda yake nufi, ya sa hannu. In ba haka ba, dakali na ƙarshe ya shiga ƙuri'a gobe.

Na aika Hussaina. Ta dawo ta ce wai zai rubuto a takarda ya ba ta. Na koma na tambaya, Siman ya ce da kansa ya ce. Na sake aika ta. Ta dawo ta ce ya ce to. Na san wannan to ɗin. To ɗin da ake yi wa babba ne a samu ya tafi.

Juma'a ana idar da sallar asuba na je gidansu. Ban taɓa taka gidan nan ba sai ranar suna, kuma ranar ma sai ya bar unguwar. Na ja turmi na zauna a bakin ƙofar ɗaki. Hussaina ta fito tana roƙona da Allah in tashi kar maƙwabta su gani. Na ce su gani. Sai wajen takwas da rabi ya fito, kansa a ƙasa, ya gaishe da ƙafafuna. Na tare keke na ce ya shiga, ya ƙi, ya tare wani ya biyo mu a baya.

Ofis cike da mata masu jiran ƙuri'a. Siman ya ajiye takardar a gaban Sharafaddeen, ya sa yatsa a layi na biyar, ya tambaye shi wace ce wannan.

Ya ce, “Ita ce.” Ko nunawa bai yi ba, da haɓa ya yi alama.

“Sunanta nake so, sakatare. Ka faɗa in gwada da kati.”

Gumi ya keto masa a sanyin nan. Ya matsa kusa da tebur ya yi raɗa, wai ko Inna za ta ɗan fita waje. Siman ya dube ni, ya ce babu laifi, Mama ta jira a baranda. Ladi ma ta taɓa ni a hannu. Na san abin da ya dace ke nan, wa zai koya mini? Minti ɗaya ne. Amma kwana biyar ana yanke maganata a bayan idona, kowa yana girmama ni, ni kuwa ina cikin ruwa.

Na ce, “Ba inda za ni. Ubana ya raɗa mini suna don a kira ni da shi.”

Da Sharafaddeen ya faɗa ko Siman da ke gabansa bai ji ba, ya ce masa ya ɗaga murya.

“Ummusalma Ishaku.”

Wata daga baya ta ƙyalƙyale, wata ta ce wayyo. Ya rubuta a gefen takardar, ya sa hannu, ya fita bai ɗauki hularsa da ya ajiye a tebur ba. Aka ba ni dakali na talatin da takwas, tsakanin Ladi da Nkoli.

Yau mako shida ina wanki a tsaye. Buhu tara nake yi kafin azahar, da can shida da ƙyar. Ladi ta ce na ci mutuncin yaro a gaban mata, Nkoli ta ce a garinsu da tuni an manta. Masu lodi sun samu abin tsokana, in ya gifta sai su tambaye shi wai ya sunan Innar. Bai sake zuwa gaisuwa ba, sai dai ya aiko Hussaina da ita.

Shekaranjiya ya mayar wa shugaba da kwamfutar, ya ce ya ajiye aikin sakatare. Kaf kasuwar babu wanda ya san kan littafin nan sai shi, ga rabon rumfunan masu tumatur ya matso. Jiya shugaba ya aiko mini har kan dakali, wai tunda ni na ɓata, in je in lallashe shi. Ni aka tsallake, ni na yi ta safa da marwa tsakanin Kabong da ofis da wannan gwiwar, kuma ni zan lallasa. Na ce wa ɗan aiken ya matsa, yana tare mini famfo.