Keken Malam Shitu

Mannir ma'aikacin jinya ne a wani ƙaramin asibiti a Danja. Wata huɗu ke nan duk Asabar yana hawa bas zuwa Funtua, wurin Malama Chinenye, wadda ke horar da masu shirin jarrabawar Turanci ta neman aiki a ƙasar waje. Karatu da rubutu ba su taɓa ba shi wahala ba. Magana ce ke kayar da shi. Da zarar an ce ya buɗe baki, sai harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse.

Malama Chinenye haifaffiyar Funtua ce, ubanta ya shekara talatin yana sayar da kayan keke a kasuwa. In tana Hausa ba ka cewa ba Bakatsiniya ba ce. Ranar nan ta ajiye wayarta a kan tebur don ɗaukar murya, ta karanta masa tambayoyi biyu da Turanci: ko ya hau keke yana yaro, kuma ko mutanen ƙasarsu suna yawan hawan keke.

Mannir ya gyara zama, ya zubo amsa tiryan-tiryan. Ya ce yana yaro yakan zaga wurin shaƙatawa da abokansa, kuma keke yana rage ƙiba, yana tsabtace iska.

Ta kashe wayar. "Malam Mannir, wane wurin shaƙatawa ne a ƙauyenku?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Haddacewa ka yi daga waya. Masu jarrabawar nan sun ji wannan amsar sau dubu, kafin ka kai ƙarshe sun gane. Faɗi abin da ka sani, ko da Turancin zai karye. Ba ka taɓa hawa keke ba ne?"

"Na hau, Malama."

"To bismilla."

Ya fara a hankali, yana lalubo kalmomi. Ya ce a ƙauyensu, yamma da Musawa, keken mahaifinsa Malam Shitu ne ya fara hawa, baƙi, mai ƙarfe a tsakiya. Ƙafarsa ba ta kai feda ba, sai ya zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen, ya karkace yana tuƙawa har ya faɗa cikin gonar dawa. Ya ce daga baya babura suka cika gari, aka jingine kekuna a zaure. Da man fetur ya yi tsada kuma, sai manoma suka sake fito da su, suna neman mai faci. Malama tana gyaɗa kai, don ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba.

Sai ta ɗaga hannu. "Tsaya. A nan ka ruɗe. Ka ce mahaifinka yana da keke, a kalmar yanzu, sannan ka koma kalmar abin da ya wuce, ka sake dawowa. Hausa tana barinka ka ce yana da keke ka wuce abinka. Turanci ba ya yarda, sai ka zaɓa. Yana nan da rai, ko ya rasu?"

Mannir ya dubi wayar da ke tebur.

"Ban sani ba," ya ce da Hausa.

Ya gaya mata. Damina biyu da suka wuce, Malam Shitu ya fita da safe zai kai taki gonarsa ta bakin daji. Da azahar masu dawowa suka tsinci keken kwance a tsakiyar hanya, buhun takin yana ɗaure a baya, takalminsa ɗaya a gefe, ga sawun babura. Ba wanda ya kira gida neman kuɗin fansa. Ba a ga gawa ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Tsohuwa, ta ƙi yarda a yi zaman makoki, kuma har yau ba ta bari kowa ya taɓa keken.

Malama Chinenye ta kife wayar a kan tebur. Sannan ta ce, "Ka yi haƙuri, wallahi ban sani ba. A jarrabawa ka ce keken na yayanka ne, ko na maƙwabci. Ba wanda zai bincika."

"Ke kika ce in bar ƙarya, Malama."

Ta goge abin da ta ɗauka, suka koma tambayoyin abinci.

Ranar Laraba yana bakin aiki ƙanwarsa Tasalla ta kira. Ta ce an sako wasu mutane daga daji, an kai su asibiti a Malumfashi, kuma an ce akwai dattawa a ciki. Wannan shi ne karo na shida da ake yi masa irin wannan kira. Ya roƙi abokin aikinsa ya riƙe masa marasa lafiya, ya tari mota.

Su goma sha ɗaya ne, kwance a jere, ƙafafu a kumbure. Ya bi su gado-gado yana duba fuska. Akwai wani tsoho mai furfura da ya juya baya, Mannir ya zagaya gabansa. Ba shi ba ne. Ya nuna musu hoton Malam Shitu a waya. Wata mata ta ƙura wa hoton ido, ta ce kamar ta ga mai irin wannan fuskar a bara, amma ba za ta rantse ba.

A bakin ƙofar asibitin ya kira gida. Tsohuwa ta saurara har ya gama, ta ce Allah ya sa dai Malam yana cin abinci. Sannan ta ce, "Mannir, in ka tafi ƙasar Turawan nan, wa zai riƙa zuwa dubawa?"

Ya ce mata tukuna, ai bai ma ci jarrabawar ba. Saura kwana goma sha tara a yi ta a Kano. Ya tsaya a bakin titi, motar Funtua ta zo tana neman mutum ɗaya, ya bar ta ta wuce, ya zauna a kan dakali yana jiran wata.