Kafaɗar Maɗori

Shatu na shafa mai a kan ƙarfen na'urar gasa ciwo a asibiti aka turo mata wani dattijo, hannunsa na dama rataye da rawani. Ko katinsa ba ta duba ba ta gane shi. Haladu Maɗori ne na Roni, wanda shekara tara da suka wuce ya ɗaure karayar yayanta Sama'ilu tamau har hannun ya ruɓe, aka yanke shi a Kano. Da aka je masa da maganar, buɗar bakinsa sai ya ce ai uwarsu ce ta taɓa ɗaurin. Tsohuwar ta rasu tana ganin laifin kanta. Shi kuwa gogan har yau ana kai masa karaya.

Bai gane ta ba. Ya ce bijimin sa ne ya fizge shi, wata biyu ke nan kafaɗar ta ƙi ɗaguwa, likita ya ce jijiya ce, sai gashi.

Na'urar sabuwa ce, cikin kayan da aka zubo wa asibitin da arzikin man fetur ya zo. Wani sauti take turawa cikin tsoka, wanda kunne ba ya ji, ya ɗumama ciwon daga ciki. Ƙa'idarta ɗaya: kada hannu ya tsaya. In aka tsayar da ƙarfen wuri guda, zafin a ƙashi yake taruwa, kuma babu tabon da wani zai gani.

Shatu ta ɗora, ta fara zagayawa. Ta tsani mutumin nan har cikin ranta. Hannunta ya rage sauri, ya kusa tsayawa. Sai ta ci gaba da juyawa, don azabar minti biyar ta yi masa araha.

Da aka gama ya motsa kafaɗar, ya ji dama-dama. Ya rage murya, ya roƙe ta a riƙa shigo da shi ta ƙofar baya da yamma, don in mutanen garinsu suka ga maɗori na neman magani a asibiti, sana'arsa ta mutu.

"Sau goma sha biyu za ka zo, Baba," in ji ta. "Kuma za ka warke, in sha Allahu."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Ta jawo katin ta rubuta: ƙarfe tara na safe, bencin gaban baranda. Daidai lokacin ne motar Roni ke sauke marasa lafiya. Ta rusuna ta miƙa masa da hannu biyu.