Kukan Tsohon Inji

"Cire shi za mu yi ka huta," in ji Dabo bakanike, yana ƙwanƙwasa kan injin da sifana. "Wannan ai ba inji ba ne, rijiya ce. Ko tankar gas ka jingina masa sai ya shanye ya nemi ƙari."

Tun hantsi Ɗan'azumi yake tsaye a garejin nan na bakin titin Birnin Kudu, yana raba ido tsakanin inji biyu: nasa mai silinda shida da ke cikin tsohuwar motarsa roka ta ɗaukar hatsi, da wani ɗan madaidaici mai silinda huɗu da aka ɗora a kan tsohuwar taya.

"To ƙarfin fa, Dabo?"

"Ƙarfin me? Dutse kake ɗauka? Gero ne da riɗi daga Gwaram zuwa nan. Na yarda naka zai haye tudu da cikakken lodi ko nishi bai yi ba. Wannan sai ka sauko da giya, ka lallaɓa shi. Amma man da naka yake sha a zuwa kawai, wannan sai ya kai ka ya kusa dawo da kai."

Gaskiya Dabo ya faɗa. Tun da gas ya yi tsada 'yan kasuwa suka koma wa ƙananan motoci. Ɗan'azumi sai ya wuni a tasha ba wanda ya ce masa ga lodi, ya koma ɗakin da ba kowa tun rasuwar matarsa Batulu. Ya shafa ƙeya ya ce, "Cire."

Abu ɗaya ne bai kawo a ransa ba.

Rokar asalinta ta mahaifinsa ce, Baba Yahuza, tsohon direban da yanzu yake zaune a Maruta, idanu sun tafi, tunani ma ya bi su. 'Yarsa Bara'atu da take kula da shi, "baiwar Allah" yake ce mata. Jikokinsa baƙi ne a wurinsa. Amma duk ranar kasuwar Gwaram, da zarar rokar ta sauko gangaren ƙauyen tana wannan gurnani nata mai kauri, sai tsohon ya dafa sanda ya miƙe. "Ɗan'azumi ne! Ja'iri, ya sake giya da wuri." Ranar ce kaɗai yake cin tuwo da daɗi, su biyu a kwano ɗaya. Duk duniya babu sauran wanda yake jiran Ɗan'azumi sai shi.

Ran kasuwa sabon injin ya yi abin da aka ce. Allurar mai da ƙyar take motsi. Ɗan'azumi ya gangaro Maruta har da 'yar waƙarsa, ya taka birki a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Tsohon yana kan tabarma, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Baba, barka da rana."

"Yauwa. Wane ne?"

"Ni ne, Ɗan'azumi."

"A'a, Malam. Ɗan'azumi yana hanya, motarsa ba ta iso ba."

Ɗan'azumi ya koma da gudu ya tayar da motar, ya danna totur har salansa ta yi hayaƙi. Tsohon ya karkata kunne, ya taɓe baki.

"Silinda huɗu ce wannan. Ka gaya wa mai ita kada ya cika mata kaya, zai kashe ta."

Bara'atu ta fito da kwanon tuwo, ta tsaya turus. "Yaya, me ka yi wa motar?"

Tsohon ya ture kwanon. "Ajiye, baiwar Allah. Sai yaron nan ya zo."

Har la'asar ta yi sanyi tuwon yana rufe. Ɗan'azumi ya zagaya bayan mota ya kira Dabo a waya.

"Tsohon injin? Ai tun shekaranjiya aka ɗauke shi. Safiyanu mai jigilar yashi ne ya saya, ya ce shi ƙarfi yake nema, ba tsimin mai ba. Lafiya dai?"

Ɗan'azumi ya kashe wayar.

Da mako ya zagayo ya sake zuwa, da lodin kayan 'yan kasuwa har saman bodi. Tsohon ya rame, Bara'atu ta ce kunu kawai yake kurɓa. Ɗan'azumi ya zauna a gefen tabarmar kamar baƙon da ya zo neman inuwa. Ya ba shi labarin ranar da ya fara koya masa tuƙi, tsohon ya saurara da ladabi, ya ce, "Ikon Allah. Ashe ka san ɗana."

Sai ga shi. Daga can saman gangare, gurnani mai kauri, wanda Ɗan'azumi ya tashi da shi a kunne tun yana yaro.

Baba Yahuza ya miƙe ko sandar bai nema ba. "Ga shi nan! Baiwar Allah, kawo tuwo!" Ya lalubi hanya har bakin titi, yana ɗaga hannu, fuskar nan ta cika da dariya. Wata shuɗiyar tifa ta zo ta wuce fuu, yashi yana zuba daga bayanta.

Tsohon ya daɗe da hannu a sama.

"Bai tsaya ba," ya ce a hankali. "Ko na yi masa wani laifi ne?"

Ɗan'azumi bai san lokacin da ya faɗa mota ba. Ya bi tifar a guje. A miƙaƙƙiyar hanya ya fara cim mata, har yana hango lambarta, yana danna hon. Suna isa tudu labari ya canja. Tifar ta haye abinta kamar ba kaya a kanta, nasa injin kuwa ya hau kakari. Ya sauko giya, ya sake saukowa, yana dukan sitiyari, tana ƙara yi masa nisa har ta ɓace.

Sai a Gwaram ya same ta, tana juye yashi a wani fili da ake gini. Safiyanu, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tawul a wuya, ya saurare shi har ya gama.

"Wallahi Maigida ka ba ni tausayi. Amma injin nan ba zan sayar ba, shi ne abincina. Kai ma in ka mai da shi, da me za ka ciyar da shi?"

Ɗan'azumi ya juya ya dubi tifar.

"To ka rage mini hanya," ya ce. "Ran kasuwa kawai. Daga saman gangaren zuwa ƙofar gida. Ni zan zuba man."

"Riƙe manka. Sai dai fa ba kullum nake biyowa ta nan ba. In aikin ginin nan ya ƙare, shi ke nan."

Ran kasuwar da ta biyo, Ɗan'azumi ya ɓoye rokarsa a bayan wata kuka, nesa da inda kunnen tsohon zai kai. Safiyanu ya iso, ya matsa ya ba shi sitiyari. Ɗan'azumi ya gangara, da gangan ya sake giya da wuri.

"Ja'iri!" Tsohon ya kamo hannunsa ya riƙe gam, yana shafa fuskarsa. "Ina ka shiga? Wani bawan Allah ya yi ta zuwa yana taya ni jiranka. Mutumin kirki. Ka neme shi ka yi masa godiya."

"Zan neme shi, Baba."

Suka ci tuwo, tsohon har da neman ƙarin miya.

Mako na gaba ma Ɗan'azumi ya ajiye motarsa a bayan kukar, ya zauna a kan dutse a bakin hanya. Babura suka wuce, ƙananan motoci suka wuce, masu dawowa daga kasuwa suka fara wucewa. Ya kira wayar Safiyanu, a kashe. Ya mai da ita aljihu, ya gyara zama, ya karkata kunne wajen tudu kamar yadda Baba yake yi.