Mil Ɗaya da Rabi

Zakiyya na cikin buga tambayoyin jarrabawar wata makaranta a shagonta na kwamfuta da ke Bagudo, da hantsi, sai ta ji an tsaya a ƙofa ba a yi sallama ba. Ta ɗago kai. Wani dattijon Bafulatani ne, dogo, da ɗan rago saɓe a kafaɗa. Kan ragon na reto, kumfa ta bushe a bakinsa.

Ya sauke mushen a kan siminti, ya ciro wata takarda daga aljihu ya miƙa mata.

"Ke kika rubuta wagga?"

Ta gane takardar tun ba ta karɓa ba. Mako uku da suka wuce Malam Sharfuddeen, ma'aikacin lafiyar dabbobi, ya kawo mata bayanin yadda ake ɗura wa tumaki maganin tsutsar ciki, ya ce ta tsara shi a raba wa makiyaya. Ta ɓata wuni guda a kai. A wurin awon maganin 'yan raguna, mil ɗaya da rabi a sirinji, ba ta so rabin ya fito a baje kamar na kowa. Salon haruffan da ta zaɓa yana da wata dabara: in ka haska 1/2 ka danna masa, sai ɗayan ya ƙanƙance ya hau sama, biyun ya sauka ƙasa, su zama ½. Ta manna shi jikin babban ɗaya, ya fito 1½, tsaf kamar na littafin lissafi. Har kiran maƙwabciyarta mai ɗinki ta yi ta zo ta gani.

"Ni ce, Baffa. Lahiya?"

"Sunana Gidaɗo, daga wajen Kurgu. Wanga shi ne na tara. Tun jiya suke faɗuwa, suna makyarkyata, yawu na zuba."

Zakiyya ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Shekara biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci," in ji shi, ya ɗora yatsa a kan layin. "Ba wanda ya karanta mini, ni na karanta da kaina. Ga sha ɗaya, ga sanda, ga biyu. Sha ɗaya sau biyu. Na ɗura musu da safe, na ƙara da marece."

Ta duba inda yatsan yake. Babu ƙaramin ɗaya a sama, babu ƙaramin biyu a ƙasa. Lambobi ne manya a jere: 11/2.

Ta koma kan kujera. Ta nemo aikin a kwamfuta, ta juya masa fuskar allon. Ga shi nan yadda ta bar shi, 1½. Gidaɗo ya sunkuya ya dubi allon, ya dubi takarda, ya sake duban allon.

"To wa ya canza?"

Zakiyya ta kira Malam Sharfuddeen a waya. Ba a yi minti goma ba sai ga shi a kan babur. Da ya ga mushen, ya ga layin, sai ya tuɓe hula ya riƙe a hannu yana salati. Shi ya kai aikin wata maɗaba'a a ƙetaren iyaka, cikin Benin, don a ƙara fassarar Faransanci a ƙasa, kuma da aka kawo takardun kanun kawai ya duba. Nan take ya kira mai maɗaba'ar, ya buɗe muryar wayar. Mutumin ya yi ta bincike, can ya ce ai kwamfutarsa ba ta da wannan salon haruffan, ita ta musanya shi da wani da kanta. Shi bai taɓa ko lamba ɗaya ba.

"Guda nawa anka buga?" Zakiyya ta tambaya.

"Dubu," in ji Malam Sharfuddeen. "Ɗari bakwai sun fita."

Zakiyya ta zaci dattijon zai tara mata jama'a, ko ya ce sai an je wurin 'yan sanda. Sai ta ga ya dafe bango.

"Ƙanena Lauwali na ƙetare," ya ce a hankali. "Shekaranjiya na aika mishi da takarda guda da kwalbar magani. Tumakinsa sun ninka nawa. Wurin da yake waya ba ta shiga."

Zakiyya ta goge lambar gaba ɗaya. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: MIL ƊAYA DA RABI, SAU ƊAYA TAK. Ta buga ɗari biyu a ƙaramar firintarta har ta yi zafi, ta rufe shago. Malam Sharfuddeen ya goya Gidaɗo, ita ta hau kabu-kabu ta bi su. Duk rugar da suka ratsa sai su tsaya, su karɓi tsohuwar takarda su ba da sabuwa. A Sharabi wata mata ta ce akuyarta biyu sun mutu ranar Litinin, ta ɗauka ciwo ne ya shigo.

La'asar sakaliya suka isa rugar Lauwali. Gidaɗo bai jira babur ya gama tsayawa ba ya dira, ya nufi garke da gudu. Tumaki na nan suna kiwo, 'yan raguna na tsalle. Kwalbar maganin na rataye a reshe, an taɓa ta.

"Ka ba su?" ya tambaya yana haki.

"Tun jiya," in ji Lauwali. "Mi ya faru, Yaya?"

"Nawa ka ba su?"

Lauwali ya ɗauko sirinji ya nuna da farce, ɗan ƙasa da layi na biyu. "Yadda muka saba. Takardar taka ga ta can, an ƙunshe gishiri da ita. Ni ai ban iya karatun ba."

Gidaɗo ya tsaya yana kallonsa. Sai ya zauna a ƙasa, nan cikin kashin tumaki, ya haɗa kai da gwiwa. Lauwali ya dubi baƙin, ya kasa gane komai, har sai da Malam Sharfuddeen ya ja shi gefe ya yi masa bayani.

Zakiyya ta durƙusa nesa kaɗan da dattijon. "Baffa, karatunka daidai ne. Abin da ke kan takardar shi ka karanta. Laifin namu ne, mu da ba mu duba ba."

Gidaɗo ya miƙa hannu, ta ba shi sabuwar takardar. Ya bi ta da yatsa, baƙi bayan baƙi, leɓunansa na motsi, har ƙarshe. Ya ce ta ba shi hamsin, akwai rugage gaba da nan da babur ba ya shiga.

Kwana tara suka yi suna bin takardun, har da shela a kasuwanni da masallatan Juma'a. Sun karɓo ɗari biyar da 'yan kai. Sauran, wasu an ce sun bi makiyayan da suka yi ƙaura zuwa kudu, kuma ba wanda ya san a hannun wa suke.