Bututun da Ya Ƙi Ɗauruwa

Ina tsakiyar yi wa wani mutum gyaran fuska na hango a madubi Auta ya ciro wani baƙin akwati daga injin motar ubansa, ya kai shi bayan babur ɗinsa ya ɗaure da roba.

"Malam, kunnena fa," in ji mutumin da ke kan kujera.

"Kunnenka na nan, ba inda zai je. Ina zuwa."

Shagona na aski yana kallon ƙofar gidan Mai Firji, madubina kuma babba ne, ko na juya wa titi baya ba abin da ke wuce ni. Matata tana cewa sa ido ne. Ni kuwa na san mutane, shi ya sa ba na yarda da su. Mai Firji maƙwabcina ne tun ina da gashin askewa a kaina. Ya ƙarar da ƙarfinsa a gyaran firji, da ƙirji ya fara kama shi sai ya rufe shago, ya sayi wata 'yar jar mota mai turbo, wato abin ƙara wa inji ƙarfi, wadda ya fi wankewa a kan hawa. Auta shi ne ƙaramin ɗansa. Yana saurayi ya ƙona injin firjin wani mutum a shagon uban, uban ya ɗaga hannun yaron a gaban jama'a ya ce, "Wannan hannun ba zai taɓa gyara komai ba." Auta ya bar gida a satin. Injin walda na shagon ma ya ɓace a satin, ni dai abin da na sani ke nan. To yanzu ga shi ya dawo da gemu har da furfura, tsoho ba lafiya, kuma abin da ya fara yi shi ne cire kaya daga mota.

Na tsallaka titi da almakashi a aljihu.

"Sannu da aiki."

"Yauwa, Kawu. Ina wuni?"

"Lafiya. Wannan akwatin ina za shi?"

"Tsohon akwatin iska ne. Baba ya ce in ajiye a wajena, nan ba wuri."

Mai Firji yana zaune a kujerar roba a inuwar katanga, da tawul a kafaɗa. Ya yi dariya har ta koma masa tari.

"Mai aski, ka bar mutum da rabin gemu ka zo bincike?"

"Gaisuwa na zo yi."

"To zauna ka koyi abu. Motar nan iska mai zafi take shaƙa, ta cikin inji. Iska in ta yi zafi ba ta da auki." Ya tsaya ya ja numfashi. "Wannan sabon bututun zai jawo mata mai sanyi daga can bayan fitila. Turbo ya samu abin da yake so."

"Wa ya ce a sayo shi?"

"Ni. Ta waya na saya."

Mutumin da ko lambar matarsa sai an nemo masa! Ni dai ban yarda ba.

Na tsaya na kalli aikin, don in ga abin da zai sake bin akwatin. Bututun fari ne ƙal, yana ƙyalli kamar sabuwar tukunya, da filta mai siffar mazurari a bakinsa. Auta ya zura shi ta gefen batir, ya haɗa gaɓoɓin da robobi masu kauri, kowace roba da zoben ƙarfe mai noti, yana ɗaurewa da ɗan sifana. Ya ciro wata 'yar na'ura mai waya daga tsohon bututu, wai ita ke auna iskar da ke shiga, ya riƙe ta kamar ƙwai har ya dasa ta a sabon. Gaskiya hannunsa bai yi mini kama da na wanda bai iya ba. Da ya tayar da motar ya taka totur, sai ta ja iska fuuu, da ya saki ta yi wata 'yar ajiyar zuciya. Ya leƙo ta taga yana kallon ubansa, fuskarsa kamar ta ɗan makaranta da ya kawo sakamako.

"Za mu gani," in ji Mai Firji. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Washegari wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, inji kuma yana rawa in an bar shi a tsaye. Aka kira Auta. Ya zo bayan ya tashi daga aiki, ya samu zobe ɗaya ya yi sako-sako, iska tana shiga ta inda ba a auna ta. Ya ɗaure, ya cire kan batir ya mayar, wutar ta mutu. Uwarsa ta fito da abinci, suka ci a nan ƙofar gida, uban yana ba shi labarin firjin wani otal da ya taɓa wahalar da shi. Bayan kwana biyu wuta ta dawo. Auta ya dawo. Haka aka yi ta yi, sati ya bi sati.

Ni kuwa na gama lissafina. Yaron nan da gangan yake barin zoben a kwance, don tsoho ya gaji da motar ya ce ɗauke ta ka je. Na faɗa wa matata, ta ce in ji tsoron Allah. Na tare matar Mai Firji ta fito zubar da shara, na ɗan yi mata hannunka mai sanda.

"Mai aski," ta ce, "ni dai yarona yana cin abinci a gidan nan. Motar in ta ga dama ta kama da wuta."

Wata safiya na buɗe shago da wuri saboda wani mai tafiya da ya roƙe ni. Titi ba kowa sai mai shara can nesa. Ina goge madubi sai na ga ƙofar gidan ta buɗe, Mai Firji ya fito da singileti, yana dafa katanga. Ya ɗaga bonet da hannu biyu, ya jingina da motar ya huta, sannan ya zaro wata siririyar sukudireba daga aljihun wando ya sunkuya.

Ban san sanda na tsallaka ba.

"Au! Ashe kai ne ɓarawon!"

Ya zabura har sukudirebar ta zame masa. "Rage murya, don Allah. Za ka tashi matar gidan."

"Kai kake kwance zoben? Wata nawa ina zargin yaron mutane!"

"Kai dama wa ka bari?"

"Me ya sa, maƙwabci?"

Ina jin numfashinsa yana fita da ƙara, hannunsa yana rawa a kan bututun.

"In motar ta gyaru, me zai kawo shi?"

"Ka ce masa ya zo mana. Ba ɗanka ba ne?"

"Da wane bakin? Wanda ya kore shi?" Ya girgiza kai. "Maganar mota kaɗai muka iya yi, ni da shi. In ba ita, sai mu zauna muna kallon ƙasa."

"To ka san gani yake shi ne ya kasa? Kullum yana tafiya da kai a sunkuye."

"Zan gaya masa. Bari in ɗan ji ƙarfi." Ya kama hannuna, tafinsa sanyi ƙalau. "Kai dai ka riƙe bakinka. Na san yana maka wuya."

Na yi masa alkawari. Amma wannan "zan gaya masa" ɗin ma ban yarda da shi ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Da yamma Auta ya zo ya buɗe bonet, ya taɓa zoben ya ji yana juyawa. Ya tsaya kallonsa. Sai ya yi jifa da sifana, ta daki ƙofar gida ta faɗi.

"Baba, na kasa. Ka kai ta gareji."

"Wane irin gareji kuma?"

"Zobe ɗaya! Zobe ɗaya ya gagare ni. Abin da ka faɗa tun can gaskiya ne, shi ke nan."

Na ajiye tsintsiya na tsaya a bakin shago. Na ce yau dai zai faɗa. Bakin tsohon ya motsa, ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa.

"Ka ƙara gwadawa," ya ce.

Wallahi da ba mara lafiya ba ne da na je na girgiza shi. Auta ya ɗauko sifanarsa, ya cire zoben gaba ɗaya ya sa wani sabo da ya zo da shi, ya ɗaure har jijiyar hannunsa ta tashi. Ya ce in wannan ya kwance ba zai sake taɓa motar ba. Ranar bai tsaya cin abinci ba. Shagona ya shigo, ya zauna a kujera ya ce in rage masa suma. Ina cikin yi ya kama idona a madubi.

"Kawu, kai da kake ganin komai. Akwai mai taɓa motar nan?"

Na gyara masa kai zuwa gefe. "Unguwar nan ba wanda zan rantse a kansa."

"Har ni ko?"

Na ci gaba da aski.

Washegari na fito da wuri ba don kowa ba, na zauna ina jiran tsohon, da niyyar in ya ɗaga bonet in ƙwace sukudirebar. Bai fito ba. Rana ta hau, yara suka wuce makaranta, ƙofar tana rufe. Can sai na ji muryar matarsa tana kirana, irin kiran da ba ka tambayar lafiya. Na same shi zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗaki, takalmi ɗaya a ƙafa, leɓɓansa sun canza launi. Ta riga ta kira Auta. Muka ɗauke shi zuwa jar motar, ni da shi a baya, kansa a cinyata, ita a gaba.

Ban taɓa sanin 'yar motar nan tana da gudu haka ba. Ba rawa, ba wuta a dashbod. Duk sanda Auta ya taka sai ta ja iska fuuu, ta wuce manyan motoci kamar suna tsaye. Uwar tana ta addu'a, Auta yana ta hon. A cikin wannan hayaniyar Mai Firji ya buɗe ido. Na sunkuya.

"Ka ji ta?" ya ce, da ƙyar.

"Na ji."

"Yaron ya iya."

"Faɗa da ƙarfi ya ji," na ce. "Auta! Babanka na magana!"

"Mun kusa, Baba, ka yi haƙuri, mun kusa!" in ji Auta, idonsa a kan titi.

Bai sake cewa komai ba. Kafin ma'aikatan asibiti su turo gado na riga na sani, don nauyinsa a cinyata ya canza.

Bayan masu gaisuwar ta'aziyya sun ɗauke ƙafa, an kwashe kujeru daga ƙofar gida, wata yamma Auta ya zo ya buɗe bonet ya fara fito da kayan aiki. Na je na tsaya a gefensa.

"Me za a yi kuma?"

"Cire shi zan yi, in mayar mata da nata na asali. Ba na son ganinsa." Ya ɗauko sifanarsa. "Ya tafi yana ganin ko bututu ɗaya ban iya ɗaurewa ba, Kawu."

Alkawari na yi wa mai rai. Na gaya masa duka, safiyar nan, da singiletin, da abin da uban ya ce a kan bakin da ya kore shi, da maganar ƙarshe a bayan mota. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi wani murmushi mara daɗi.

"Kawu, kar ka lallashe ni da ƙarya. Kai da ko gaisuwata sai ka juya ta ka duba bayanta."

Abin ya soke ni, don ban saba a ƙi yarda da ni ba.

"Da me kake ɗaure zoben nan?"

"Da sifana."

"Ka taɓa sa masa sukudireba?"

"A'a."

"To duba nan."

Na nuna masa jikin bututun, daidai gefen da zoben yake. Farin ƙarfen duk ya sha karce, sirara-sirara, wasu gajeru, wasu sun yi nisa sun karkace, duk inda bakin sukudireba ya zame daga hannu mai rawa.

"Na gan su," ya ce a hankali. "Na ɗauka ni ne na ɓata shi."

Ya sunkuya ya sa babban yatsansa a kan na farko, ya bi shi har ƙarshe, ya koma na biyu. Uwarsa ta leƙo daga ƙofa, ta gan mu, ta koma ciki. Ya daɗe a haka. Sannan ya kama gefen rigarsa ya shiga goge ƙurar da ta hau bututun, a hankali, yana kewaye inda karcen yake.